Saniyar Tsakiya

Na ji abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka ɗazu, kai mai jar hula. Ƙafa ce ta ƙi, kunnena bai mutu ba tukuna. Ka ce aikin malamin dabbobi ba wani abu ba ne, ka soka allura ka rubuta ɗaya, ka sake sokawa ka rubuta biyu. To madalla. Makarantarku ta turo ku wurina wata uku ku koyi aiki, kun yi kwana huɗu kun gama ganewa. Ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama. Yau ba kasuwa, ba wanda zai zo sayen maganin tsutsa, zan gaya muku yadda rubuta ɗaya da biyun nan ya cinye garken wani dattijo, ni kuma ya bar ni da wannan rumfa.

Aikina na farko riƙon wutsiya ne. An ɗauke ni lebura ina ɗan shekara goma sha tara, aka haɗa ni da Baba Ɗan'iya, tsohon malamin dabbobi wanda ya fara aiki tun zamanin Turawa. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa sirinji ba sai don wanki. Sirinjin lokacin na ƙarfe ne da gilashi, ba irin naku na roba da ake yi wa saniya ɗaya a jefar ba. Kullum da safe sai ka kwance shi gaɓa-gaɓa, ka tafasa a tukunya tare da allurai, ka jera a kan farin ƙyalle. Allura in ta dakushe ba a yar da ita, a dutse ake wasa ta. Akwai abin huda kunne, mai kama da almakashi, wanda ke gutsure ɗan yanki a gefen kunnen saniya don a san an yi mata. Akwai fulas na ƙanƙara, shi ne kuwa sarkin kayan, domin maganin rigakafi yana da rai: ya ji zafi rabin yini ya mutu, ka koma kana ɗura wa shanu ruwan banza. Sai shinge, itatuwa layi biyu da ake kafawa a matse, yadda saniya ɗaya ce kawai za ta iya bi a lokaci guda. Wannan giɓin da kuke gani a bakina wata jar saniya ce ta yi shi a shingen Sandamu. Ban ji haushinta ba, ni na tsaya inda bai kamata ba.

Wata safiya Baba ya aike ni garken wani Alhaji a bayan gari, ya ce in dubo masa marasa lafiya in zo da adadi. Wannan ne karo na farko da ya ba ni fensir, saboda haka na tafi ina jin kaina. Na bi shanun na ƙirga masu kaska, goma sha biyu. Na sake bi na ƙirga masu kirci, tara. Na sake bi na uku na ƙirga masu alamar ciwon hanta, bakwai. Na tara, ashirin da takwas. Na dawo na miƙa masa takarda da hannu biyu. Ya duba, ya dube ni, ya tofar da tukar goronsa.

"Shanu ashirin ne a garken nan, Lawal. Sauran takwas ɗin a aljihunka ka zuba su?"

Bai doke ni ba, da ma ya doke ni ya fi sauƙi. Sawa ya yi na kawo igiya uku. Ya naɗe kowace ya yi zobe a ƙasa, ya ja su har kowane zobe ya ci gefen ɗan'uwansa, a tsakiya kuma aka sami wani ɗan fili inda duk ukun suka haɗu. Ya ce wannan igiyar kaska ce, wannan kirci, wannan hanta. Ya ba ni ƙwallon aduwa ashirin, ya ce in koma garke in dubi kowace saniya daga kai har kofato, in zo in ajiye ƙwallonta inda ya dace. Sau biyu na yi sawu a ranar. Da na gama jerawa sai abin ya fito fili. Masu kaska da kirci tare shida ne, masu kaska da hanta huɗu, masu kirci da hanta uku. Duk waɗannan na ƙirga su fiye da sau ɗaya, dole a cire. Shida da huɗu da uku goma sha uku. A cire daga ashirin da takwas, saura goma sha biyar. Na miƙe ina washe baki na ce na gano. Baba ya ce to in ƙirga ƙwallayen da ke cikin igiyoyin da hannuna. Na ƙirga, goma sha bakwai. Na sake, goma sha bakwai.

Sai ya sa sandarsa a ɗan filin nan na tsakiya. Ƙwallo biyu ne a wurin, shanu biyu da suka haɗa cutar duka uku. Wurin tarawa na shigar da kowaccensu sau uku, a kaska, a kirci, a hanta. Wurin cirewa kuma na fitar da ita sau uku, domin tana cikin shidan, tana cikin huɗun, tana cikin ukun. Uku ta shiga uku ta fita, ba ta saura ko sau ɗaya.

"Ka kashe ta a takarda, ga ta can tsaye tana tuƙa," in ji Baba. "Mayar da ita."

Na mayar da biyu a kan goma sha biyar, goma sha bakwai cif. Saniyar tsakiya yake kiran ta, kuma haka nake kiran ta har gobe. Ƙwallo uku suka rage a wajen igiya, su ne masu lafiya. Baba ya ɗauke su ya sa mini a tafin hannu, ya ce yau na wajen igiya su ne abin murna, amma ranar rigakafi su ne abin tsoro, domin su ne waɗanda hannunka bai kai gare su ba. Tun daga ranar ya ɗora mini al'adarsa, ni da wani Haruna da muka koyi aiki tare: duk saniyar da ta shigo shinge a dubi kunnenta kafin a dubi komai, in tana da tsohon huji a rubuta daban a ƙaramin littafi.

Masu shanu kuwa, ku da kuka taso kuna tambayar mutum kai tsaye, za ku sha wuya da su. Bafulatani ba ya faɗin adadin shanunsa. Wani tsoron jangali yake yi, wani tsoron baki, wani kuma ya tarar iyayensa ba sa faɗa ne kawai. Ka nuna garkensa da yatsa kana ɗaya biyu uku, ka gama da shi, ba zai sake kawo maka ko ɗan maraƙi ba. A cikin duk waɗanda na yi hulɗa da su ba wanda ya kai Baffa Gide riƙon wannan. Dattijo ne da rugarsa can gaba da Baure, kusa da iyaka. Shekara da shekaru in na je sai ya sa an dama mini fura, in na tambayi shanu sai ya ce, "Suna nan, alhamdulillahi." Ko da wasa ban taɓa ƙirga masa ba. Yawanci da rana nake zuwa, shanun sun watsu a bakin rijiya cikin na mutane, kuma ina jin nauyinsa. Likita yake ce mini, ni da ko takardar firamare da ƙyar na samu.

Shekarar da aka bar sule aka koma naira, ita ce shekarar da ta karya mu. Damina ta ƙi. Ciyawa ta ƙone tun kafin kaka, rijiyoyi suka ja baya har sai an haɗa igiya biyu. A gari kuwa kuɗi ne kamar ba a so. Kowa ɗan kwangila, manyan motoci suna shigo da siminti daga Kano, yaran da muka sani suna tallar rake sun hau babura. Baba Ɗan'iya ya rasu shekara guda kafin nan, aka turo mana wani sabon jami'i mai takardu da yawa. Ba zan kama sunansa ba, ya mutu, kuma yana da jikoki. Yallaɓai muke ce masa. Cikin wannan hali aka ji ciwon huhu ya ɓulla a arewacinmu. Kun karanta shi a littafi, ni na gan shi: saniya ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, ta miƙa wuya tana nishi, in ya shiga garken da yunwa ta riga ta ci ba ya barin komai.

Aka turo mana maganin rigakafi na shanu dubu ɗaya da ɗari ɗaya. A takarda, rugagen da aka ɗora mana shanu ɗari tara ne da su, saboda haka magani ya isa har da saura. Aka haɗo da buhunan angurya da kanwa na agaji. Mota ɗaya ce, akwatin ƙanƙara ɗaya, sai aka tsara mako guda a Baure, mako guda a Sandamu, mako guda a Daura. Baure za su huda kunnen dama, Sandamu na hagu, mu a Daura mu datse gashin wutsiya. Haruna ne shugaba a Sandamu, ni a Daura. Sai Yallaɓai ya kawo dabararsa. Ya ce don a jawo makiyaya, duk saniyar da aka yi wa allura a ba mai ita tikiti, kowane tikiti mudun angurya da ɗan dunƙulen kanwa. Ba allura, ba tikiti. Mai sito kuma sai ya ƙirga kwalaben da suka ƙare kafin ya auna. A ofis dabara ce mai kyau, har tafi aka yi masa.

Ana saura kwana uku a fara na hau keke na je rugar Baffa Gide in sanar da shi. Shanun da na sani masu tozo sun zama ƙashi da fata, wasu sai an kama wutsiya an ɗaga su suke tashi. Baffa ya ce zai kora su zuwa Baure ko da za su kwana biyu a hanya. Ni na hana shi. Na ce rabinsu ba za su kai ba, ya bar su inda suke.

"Baffa, magani ya fi shanu yawa," na ce masa. "Muna gama Daura zan zo da fulas har nan. Ka riƙe ni da wannan."

Ya ce ya riƙe.

Ranar farko a shingen Daura, saniya ta uku da ta shigo da huji a kunnen dama ta zo. Ta biyar kunnuwa biyu duk a huje. Na tsayar da aiki na ce a fitar da su. Mai su, wani magidanci da ya yi furfura tun lokacinta bai yi ba, ya kama hannun rigata. Ya ce ya san an yi musu, ba allurar yake so ba, mudun yake so, tun Sandamu ba su sa komai a baki ba sai ganyen da ya sassabo. Na je wurin mai sito na ce ya auna masa ba tare da allura ba. Ya ce shi kwalba yake ƙirgawa, kada in ja masa kora. Na dawo na tarar layi ya kai bakin hanya, kuma kusan duk masu ƙarfin tafiya ne, waɗanda suka ci a Baure suka sami ƙafar zuwa Sandamu, suka ci a Sandamu suka sami ƙafar zuwa Daura. Ba zan yi muku ƙarya don ku ga girmana ba. Na soka. Na san an yi mata, na soka, na miƙa tikiti. Na ce a raina magani yana da yawa. A bakin wutsiya ake yin wannan allurar, kuma wadda ta sha uku wutsiyarta kan kumbura, wasu ma ta ruɓe ta guntule. Da hannuna na yi wannan.

Abu ɗaya ne ban bari ba, shi ne al'adar Baba. Na sa mutum a dama da shinge yana duba kunnen dama, duk mai hujin Baure ya ja layi. Na sa wani a hagu yana duba hujin Sandamu. Ni ina gaba ina ganin kunnuwa biyu, mai huji biyu in rubuta ta daban. Haruna ma ya yi nasa a Sandamu, ya aiko mini da adadin waɗanda suka zo masa da hujin Baure. Zan yanke muku wutsiyar lissafin don kada kanku ya yi ciwo. Baure allura ɗari huɗu, Sandamu ɗari uku da hamsin, Daura ɗari uku. Jimla dubu ɗaya da hamsin. Waɗanda suka je Baure da Sandamu ɗari biyu, Baure da Daura ɗari da hamsin, Sandamu da Daura ɗari. A tara, ɗari huɗu da hamsin. A cire, saura ɗari shida. Masu kunne biyu a huje da suka zo Daura, wato shanun tsakiya, hamsin ne. A mayar da su, ɗari shida da hamsin. Waɗannan su ne shanun da hannunmu ya taɓa. Cikin ɗari tara, ɗari biyu da hamsin suna wajen igiya, kuma su ne raunana da suka kasa tashi, na Baffa Gide a ciki. Maganin da ya rage a firiji na shanu hamsin ne kacal.

Washegarin gamawa na shiga ofishin Yallaɓai da littafina. Na tarar akawu yana buga rahoto. A fom ɗin akwai wani gida da aka rubuta wa adadin shanun da aka yi wa rigakafi, a ciki an sa dubu ɗaya da hamsin. Yallaɓai yana ta fara'a, ya ce mun wuce ɗari bisa ɗari, ba yankin da ya yi haka. Na ce ranka ya daɗe, ta yaya za mu yi wa shanu fiye da waɗanda ke akwai? Ya ce na ƙetaren iyaka ne suka shigo, ai wannan ƙarin alheri ne. Na ce abin da aka rubuta adadin allura ne, ba adadin shanu ba. Na roƙi abu biyu: a ba ni hamsin ɗin nan da fulas in tafi rugar Baffa Gide yau, a kuma rubuta a nemi ƙarin magani na sauran.

Da ban zaro ƙwallayen aduwa daga aljihu ba wataƙila da ya saurare ni. Ganin su ya sa akawu ya ƙyalƙyale da dariya, Yallaɓai kuma ya ce in kwashe su daga teburinsa, nan ba wurin dara ba ne. Amma ya ja littafin ya ɗauki biro, don ya nuna mini shi ma ya iya. Ya tara uku na farko, ya cire uku na biyu, ya sami ɗari shida. Ya dubi inda na rubuta ɗari shida da hamsin, ya ɗago kai a hankali.

"Wannan hamsin ɗin daga ina ta fito? Ka cire, ka kuma mayar. Hamsin ka cusa a lissafi, hamsin kake nema a firiji. Ka ɗauka ni yaro ne?"

Na yi masa bayanin saniyar tsakiya sau biyu, uku ta shiga uku ta fita. Na ce ranka ya daɗe, da ƙarya zan yi ai da na bar shi a ɗari shida, don marasa allura su ƙaru zuwa ɗari uku, maganata ta ƙara nauyi. Hamsin ɗin da na mayar rage matsalar ta yi. Bai ji ba. Mutum in ya ga lamba biyu sun yi kama, kuma da ma yana neman hanyar fita, shi ke nan. Ya ce ya san halinmu, sayar da maganin zan yi. Sai ya tambaye ni shanun tsohon da nake ta kira nawa ne. Na ce ban sani ba, bai taɓa faɗa ba. Ya jingina da kujera ya yi murmushi, ya ce ga babban mai lissafi wanda bai san adadin garke ɗaya ba. Ya ce ba adadi, ba magani. Ya sa aka kulle sito ya jefa makullin a aljihu.

Littafin bai dawo hannuna ba. Da shi aka rubuta mini takardar tuhuma, domin a ciki da rubutuna na nuna na yi wa shanu masu huji allura. Gaskiya ne kuwa, na yi. Wanda ya shugabanci aikin Baure bai rubuta komai ba, saboda haka ba shi da laifi. Aka kira Haruna, ya ce shi bai aiko wa kowa da wani adadi ba, kuma bai ga huji a kunnen saniya ko ɗaya ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa. 'Ya'ya shida ne da shi lokacin, na sani, amma shekara arba'in muka yi muna haɗuwa a masallacin Juma'a ba mu wuce sallama ba. Aka dakatar da ni, daga baya aka sallame ni. Rahoto ya tafi yadda yake. Kafin shekara ta zagayo Yallaɓai ya sami ƙarin girma da sabuwar mota.

Maganin kuwa, kun san abin da ya same shi? Firijinmu mai kananzir ne. Makulli yana aljihun Yallaɓai, shi kuma ya tafi Kaduna karɓar yabo, ba wanda ya iya shiga ya ƙara mai. Lagwani ya mutu. Da aka buɗe bayan kwana tara sai aka zubar da kwalaben a rami. Ƙasar da ake ta shelar ta yi arzikin mai, kwalbar kananzir ɗaya ta gagare mu.

Ni kuma ga nawa laifin na biyu. Maimakon in hau keke tun ranar in gaya wa Baffa Gide cewa ba na zuwa, ya san abin da zai yi, ya ware shanunsa ko ya sayar da masu sayuwa, sai na ɓata mako uku ina yawo da takardar koke daga wannan ofis zuwa wancan har Katsina. Kunya ce, ba komai ba. Ina so in je masa da fulas a hannu kamar yadda na ce. Shi kuwa yana zaune yana jira, domin Likita ya ce a riƙe shi. Ranar da na je daga ƙarshe, tun kafin in sauka daga keke na ji tarin shanu a bakin rijiya. Rijiya ɗaya ce ta rage a wajen, kowa a nan yake shayarwa. Baffa yana tsaye da sandarsa a kafaɗa. Ya dubi bayan kekena, ya ga ba fulas. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Bai ce mini komai a kan alkawari ba, ni ma na kasa. Na ba shi shawarwarin da lokacinsu ya wuce, na juyo.

Ban sake ganinsa ba sai bayan damina biyu. Lokacin na kafa wannan rumfa ina sayar da ɗan maganin tsutsa da na kaska. Wata ranar Laraba da hantsi na bi ta wani fili da ake ginin wani ɗan kwangila a hanyar Kano, sai na ji an ce, "Likita." Na waiwaya. Yana zaune a kan bulo a bakin ƙofa, an ba shi wata tsohuwar rigar kaki da ta yi masa yawa, yana gadin buhunan siminti. Sandar kiwon tana jingine a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Bakina ya riga hankalina, irin gaisuwar da na saba yi masa shekara da shekaru ta fito, na ce yaya shanu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai ɓata rai ba. Ya kalli motocin da ke wucewa.

"Arba'in da uku ne," ya ce. "Har da 'yan maruƙa. Yanzu kana iya rubutawa."

Mutumin da bai taɓa faɗa wa ɗansa na cikinsa adadi ba, ya faɗa mini a bakin titi, leburori suna ji, domin ba sauran abin da baki zai kama. Ni kuwa kan nan nawa da ba ya iya barin lissafi, ina durƙushe a gabansa ya riga ya cire arba'in da uku daga hamsin.

Kai mai jar hula, ɗauki wayar taka ka buga in kana so. Da maganin ya ishe shi, har bakwai su yi saura.